Daga kwalejin shekara biyu zuwa jami'a a Amurka: ina aikin uba da uwa yake?

Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma ya shugabanci ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA a 2019, bai fara ta ƙofar babbar jami'a ba. Wata ƙaramar kwaleji ce ta ɗauke shi, Bismarck State College da ke jihar Dakota ta Arewa, can inda sanyi ke ratsa ƙashi. Shekara biyu ya yi yana buga mata ƙwallo, sannan ya koma jami'ar Montana State da ke Billings, inda ya yi zango ɗaya kafin ya wuce Turai. Hanyar da ya bi ita ce wadda dubban samari da 'yan mata ke bi duk shekara a Amurka, har da yaranmu da aka haifa a can da waɗanda suka tafi daga gida da biza ta karatu.

'Yan wasa suna kiran irin wannan makaranta "juko". Kwaleji ce ta shekara biyu, kuɗinta bai kai na jami'a ba, shigarta ma ba ta kai wuya ba. Wanda ya san yadda mai difloma ko NCE ke shiga aji biyu na jami'a kai tsaye a Najeriya ya riga ya fahimci rabin zancen. Ɗaya rabin shi ne ƙwallon. Yawancin waɗannan kwalejoji suna ƙarƙashin hukumar wasanni ta NJCAA, wadda aka kafa a 1938 kuma take da makarantu sama da 500. Kalifoniya tana da tata hukumar daban, kuma kwalejojinta ba sa ba da tallafin karatu don wasa. Jami'o'in shekara huɗu kuwa galibinsu na hukumar NCAA ne, mai rukuni uku (na ɗaya shi ne mafi girma), wasu kuma na wata hukumar da ake kira NAIA. Yaro zai fita daga hannun wata hukuma ya shiga hannun wata, kowace da littafin dokarta, kuma a tsakanin nan ne ake yin asarar yara masu hazaƙa.

Abin da na yi imani da shi shi ne wannan: ƙwallo ce ke sa a ga yaro, amma takarda ce ke sa a ɗauke shi. Ƙwallon tana da masu kula da ita, ga koci, ga mataimakansa, ga shi kansa yaron da yake kwana yana tashi da ita. Takarda ce marainiya. A kwaleji da yawa mai ba ɗalibai shawara mutum ɗaya ne a kan ɗaruruwa, kuma abin da ya fi damun koci shi ne yaro ya cika sharaɗin buga wasan bana, wanda ya fi sharaɗin shiga jami'a sauƙi nesa ba kusa ba. Nan ne gurbin uba da uwa, ko kawu, ko yayan da ke riƙon yaron.

Tambayar farko da ya kamata a yi tun ranar da yaro ya sa ƙafa a juko ita ce: me cibiyar tantancewa ta NCAA ta ce game da sakamakonsa na sakandare? Cibiyar tana raba ɗalibai gida biyu. Akwai wanda ya cika sharaɗi tun daga sakandare, wato ya yi darussa 16 da aka amince da su kuma GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, a cikinsu ya kai 2.3 ga mai son rukuni na ɗaya. Akwai wanda bai cika ba. Na farko yana iya barin juko bayan zango ɗaya cikakke, in dai ya samu kiredit (ma'aunin nauyin darasi) 12 a kowane zango na darussan da jami'a za ta karɓa, da makin da ake nema. Shi ya sa Aaron Rodgers, ɗan wasan ƙwallon Amurka, ya yi kaka ɗaya a Butte College ya wuce jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Jimmy Butler, ɗan ƙwallon kwando, shi ma shekara ɗaya ya yi a kwalejin Tyler kafin jami'ar Marquette ta ɗauke shi a 2008. Wanda bai cika sharaɗin ba kuwa dole ya zauna aƙalla zango uku, ya kammala kwalejin ya karɓi shaidarta, ya tara kiredit 48 da jami'a za ta karɓa, a cikinsu akwai 6 na Turanci, 3 na lissafi, 3 na kimiyya.

Abin takaici shi ne yaron da bai taɓa yin rajista da cibiyar ba, cikin waɗanda ba su cika sharaɗi ba ake lissafa shi, ko da sakamakonsa na WAEC ko NECO ya fi na kowa kyau. Ga yaran da suka yi sakandare a gida, cibiyar tana neman takardun makaranta tun daga shekara ta tara ta karatu, wato aji uku na ƙaramar sakandare, tare da shaidar jarrabawar ƙarshe. Yaron da ke Kansas ba zai iya zuwa ofishin shugaban makarantarsa ta Kaduna ko Jos ya zauna har a buga masa hatimi ba. Uba zai iya. Wannan tafiyar ta kwana ɗaya ko biyu tana iya rage wa yaro shekara guda.

Sai maganar kiredit, wadda ita ce ta fi cin mutane. Ba duk darasin da yaro ya ci ba ne zai bi shi zuwa jami'a. Darussan share fage, irin waɗanda ake sa ɗalibin da Turancinsa ko lissafinsa bai kai ba, suna cika masa jadawali, suna ba shi damar buga wasa a juko, amma jami'a ba ta ƙirga su. Darussan motsa jiki kuwa, kiredit biyu kacal rukuni na ɗaya ke karɓa daga cikinsu, sai fa idan fannin da yaro zai karanta ke nan. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar darasin da aka samu D a cikinsa. To, ka ga yaro zai iya kiran gida yana murna, "Abba, na ci komai," kuma gaskiya ya faɗa, amma cikin kiredit 15 da ya ci, 9 ne kawai za su tsallaka. In aka yi haka zango huɗu, sai ranar da babban koci ya nuna sha'awa a lissafa a ga 36 maimakon 48. Kocin ba zai jira ba, akwai wani yaron a layi.

Shi kansa makin akwai magana a kansa. A 2012 rukuni na ɗaya ya ɗaga GPA ɗin da ake nema daga ɗan juko daga 2.0 zuwa 2.5, rukuni na biyu kuma ya tsaya a 2.2. NJCAA ta daɗe tana kukan cewa ba a yi wa 'ya'yanta adalci ba, tunda ba a neman haka daga ɗan wasan da ya taso daga wata jami'a zuwa wata, kuma ni ma ina ganin tana da gaskiya. Lamba ce da ake ja-in-ja a kanta, don haka littafin dokar shekarar da yaro zai tashi shi ne abin dubawa. Amma ko an sauko da ita, sharaɗin NCAA daban, sharaɗin shiga jami'ar daban. Ofishin ɗaukar ɗalibai yana iya ƙin yaron da NCAA ta wanke.

Akwai kuma agogo, kuma ba ya jiran kowa. A rukuni na ɗaya dokar da aka daɗe ana aiki da ita ita ce shekara biyar don buga kaka huɗu, kuma agogon yana fara tafiya ne ranar da ɗalibi ya fara cikakken karatu a kowace makarantar gaba da sakandare, a ko'ina take a duniya. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ya yi shekara ɗaya a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha a gida kafin ya samu biza, agogonsa ya riga ya ci shekara. Kada a ɓoye wannan. Ana tambaya a fom, kuma in aka gano daga baya, abin da za a rasa ya fi shekara ɗaya. Rukuni na biyu da na uku suna ƙirga zango goma ne na cikakken karatu, wanda ya fi sauƙi ga wanda ya taɓa dakatawa.

Tare da agogon akwai wani ma'auni da mutane ƙalilan suka sani. Rukuni na ɗaya yana so ɗan wasa ya gama kashi 40 cikin ɗari na digirinsa kafin ya shiga shekara ta uku, kashi 60 kafin ta huɗu, kashi 80 kafin ta biyar. Digiri na yau da kullum kiredit 120 ne, don haka 48 ne, sai 72, sai 96. Kuma ba kowane kiredit ba, sai wanda ya shiga lissafin fannin da yaron ya zaɓa. Ka ɗauki yaron da ya ji rauni a gwiwa, aka ce ya ƙara shekara ta uku a juko. A fili shawara ce mai kyau. Amma yanzu 72 ake nema daga gare shi, alhali jami'o'i da yawa suna da iyakar abin da suke karɓa daga kwalejin shekara biyu, jami'o'in gwamnatin Kalifoniya misali 70 ne iyakarsu. Akwai hanyar kauce wa wannan, kamar rage darussa a wani zango don kada ya shiga lissafin cikakken karatu, amma ɗalibin da ke kan biza ba shi da wannan damar sai da izini na musamman, domin bizarsa ta wajabta masa cikakken karatu. Irin wannan shawara ba a yanke ta a waya cikin dare. A sa jami'in kula da dokokin wasa na jami'ar da ake hari a ciki, shi ne mai ƙirga na ƙarshe.

Dokar agogon nan ma ta je gaban kotu. Diego Pavia, ɗan wasan ƙwallon Amurka wanda ya buga kaka biyu a jukon New Mexico Military Institute kafin ya isa jami'ar Vanderbilt, ya kai ƙarar NCAA a 2024 yana cewa bai kamata a ƙirga masa shekarun juko ba. A watan Disamba na shekarar wani alƙalin tarayya a Tennessee ya ba shi damar ƙara kaka, NCAA kuma ta yi sassauci na shekara ɗaya ga waɗanda ke cikin irin halinsa. Labarin ya bazu, har wasu iyaye suka ɗauka an daina ƙirga shekarun juko gaba ɗaya. Ba haka hukuncin ya ce ba. Kada a gina makomar yaro a kan jita-jitar shari'ar wani.

Yanzu, ta yaya uba zai san duk wannan lissafin, alhali makaranta ba za ta gaya masa komai ba? Akwai dokar tarayya ta 1974 da ake kira FERPA, wadda ta ce da zarar ɗalibi ya kai shekara 18 ko ya shiga makarantar gaba da sakandare, sirrin sakamakonsa nasa ne. Ko kai ne ke biyan kuɗin, in ka kira ofis za su iya ce maka ba su da izinin magana da kai. A al'adarmu wannan yana da nauyi a kunne, ɗan da ka haifa a ce sai ya ba ka izini. Amma takarda ce guda ɗaya da yaro zai sa wa hannu, kuma yadda aka roƙe shi ita ce za ta sa ya sa hannun da zuciya ɗaya. Yaron da ya san cewa faɗuwa a lissafi za ta jawo masa faɗa da gori zai ɓoye ta har sai ta girma. Wanda ya san Umma za ta ce, "To, yanzu me za a yi? Akwai ajin bazara?" zai faɗa tun a mako na shida, lokacin da ake iya janyewa daga darasin ko neman mai koyarwa. Ajin bazara yana ceton mutane, ko da yake shi ma akwai iyakar kiredit ɗin da ake karɓa daga cikinsa.

Maganar neman gurbi kuwa, a nan ya kamata iyaye su ja baya kaɗan. Kasuwar ta yi wa 'yan juko tsauri. Tun da NCAA ta buɗe rumbun sauya sheƙa a 2018, wato jerin 'yan wasan da ke neman sauya jami'a, sannan a 2024 ta bar 'yan wasan jami'a su sauya makaranta ko sau nawa ba tare da zaman jira ba, koci yana iya ɗauko wanda ya riga ya buga a matakinsa maimakon ya yi kasada da ɗan juko. Ɗan juko ma ba ya shiga wannan rumbun. Sulhun shari'ar House, wata ƙara da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda aka amince da shi a Yunin 2025, ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, amma ya zo da iyakar yawan 'yan ƙungiya ga makarantun da suka shiga tsarin: 105 a ƙwallon Amurka, 15 a ƙwallon kwando. Don haka zama a jira a zo a gan ka ba dabara ba ce. Josh Allen, ɗan wasan ƙwallon Amurka, yana jukon Reedley College ya riƙa aika saƙo da bidiyon wasansa ga kociyoyin rukuni na ɗaya a faɗin ƙasar, kusan duk suka yi shiru, jami'ar Wyoming ta amsa. Shi ya aika, ba mahaifinsa ba. Koci yana auna yaro ta yadda yake magana da bakinsa, kuma uban da ke kiran waya kullum yana tambayar me ya sa ba a sa ɗansa a wasa ba yana rage wa ɗan daraja ne. Taimakon da ya dace shi ne a karanta saƙon kafin ya tura, a biya kuɗin haɗa bidiyo in da hali, a tuna masa ya amsa wa ƙaramar makaranta da ladabi kamar yadda zai amsa wa babba.

Labarin Cam Newton, ɗan wasan ƙwallon Amurka, ya isa gargaɗi. Ya bar jami'ar Florida, ya ɗauki kofin ƙasa da jukon Blinn College ta Tekzas a 2009, ya koma jami'ar Auburn. Ana dab da ƙarshen kakar 2010, NCAA ta gano cewa mahaifinsa, Cecil Newton, ya nemi a biya kuɗi don ɗansa ya zaɓi jami'ar Mississippi State. An dakatar da yaron, aka dawo da shi washegari bisa cewa babu shaidar ya san da zancen, ya je ya ci kyautar Heisman ta gwarzon shekara da kofin ƙasa. Da kyar ya sha, kuma bayan haka NCAA ta faɗaɗa ma'anar dillali ta haɗa har da iyaye. Gaskiya ne zamani ya canja, tun Yulin 2021 ɗan wasa yana iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa. Amma ɗalibin da ke kan bizar karatu ta F-1 yana ƙarƙashin dokar shige da fice mai hana yawancin aikin kuɗi a wajen makaranta. Duk wanda ya zo wa iyali da alkawarin "zan samo wa yaro makaranta, a ba ni kaza," ko ya kawo kwantiragi a sa hannu, a nuna takardar ga jami'in makaranta tukuna.

In tayi ya zo, aikin iyaye ya dawo. Alkawarin baki ba ya ɗaure kowa, koci yana iya samun wani aiki ya tafi kafin Agusta. Tsohuwar takardar alkawarin da aka sani an soke ta a rukuni na ɗaya a 2024, yanzu yarjejeniyar tallafin karatu da aka sa wa hannu ita ce abin riƙo. A karanta ta layi-layi. Shekara nawa ta ƙunsa? Kuɗin makaranta ne kawai, ko har da ɗaki da abinci da littattafai? Wa zai biya inshorar lafiya, wa zai biya in an yi tiyata? In kakar wasansa ta ƙare bai gama digiri ba, za a ci gaba da biya? Sannan a nemi jami'ar ta rubuta, darasi bayan darasi, wanne ta karɓa kuma zango nawa ya rage a fannin da yaron yake so. Wani lokaci za a ce ya canja zuwa fanni mai sauƙi don lissafin kashi 40 ya fita. Ya san abin da yake sayarwa kafin ya yarda, domin NCAA da kanta tana cewa waɗanda ke zama ƙwararru cikin 'yan wasanta ba su kai biyu cikin ɗari ba.

Ba na ganin aibi ga uba ya so a ce ɗansa yana rukuni na ɗaya, ana nuna shi a talabijin. Amma ɗan juko yawanci kaka biyu ce ta rage masa. Wanda ya ƙare su a benci a babbar makaranta, da wanda ya buga kowane wasa a rukuni na biyu ko NAIA ya fita da digirin da yake so, na biyun ya fi riba a idona. Rukuni na uku ba ya ba da tallafin wasa ko kaɗan, sai na maki da na buƙata. Ga iyalin da ke da takardar zama ko ɗan ƙasa, fom ɗin FAFSA na neman tallafin gwamnati yana buƙatar bayanan harajin iyaye, kuma jinkirin uba wajen cika nasa ɓangaren yana jawo wa ɗa asarar kuɗin da ya cancanta. Duk wannan haka yake ga 'ya mace. Sheryl Swoopes, 'yar ƙwallon kwando, daga jukon South Plains College ta je jami'ar Texas Tech, ta ci maki 47 a wasan ƙarshe na 1993. Lokacin ziyarar makaranta kuma ba abin kunya ba ne a tambayi nisan masallaci, da abincin halal, da yadda ake yi da mai azumi in Ramadan ya faɗo cikin kaka. Yadda koci ya amsa zai nuna irin mutumin da za a damƙa wa yaron.

Ga waɗanda ke gida, saura magana mai zafi. Tsakanin barin juko da shiga jami'a akwai hutun bazara, kuma uwa da ta shekara biyu ba ta ga ɗanta ba za ta so ya zo. Kowa ya san wannan kewar. Amma yaron da ke cikin Amurka yana iya sauya makaranta ba tare da sabuwar biza ba: jami'in ɗaliban waje na kwalejinsa zai miƙa bayanansa na SEVIS, wato rajistar gwamnati ta ɗaliban waje, ga sabuwar jami'a, ita kuma ta ba shi sabuwar takardar I-20 mai shaida cewa ɗalibinta ne, in dai zai fara karatu cikin wata biyar. In ya fita kuwa, sai da biza mai rai zai koma. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, daga baya ma aka ƙara tsaurarawa, kuma 'yan Nijar da Chadi da Sudan nasu takunkumin ya fi nan tsanani. Kafin a sayi tikiti, yaron ya zauna da jami'in ɗaliban waje ya ji ko ƙofar za ta buɗe masa in ya dawo.

Takarda ta ƙarshe ita ce cikakken sakamako mai ɗauke da shaidar kammalawa, wanda kwaleji za ta aika wa jami'a kai tsaye. Sai ya isa za a bar yaro ya buga. Wasu kwalejoji suna riƙe shi in ɗalibi yana da bashi, ko da tarar ajiye mota ce ko littafin laburare da bai mayar ba, kuma wasu suna so ɗalibi ya cika fom na neman kammalawa watanni kafin ƙarshen zango, in bai cika ba shaidar ba za ta fita ba. A tambaye shi tun watan Fabrairu ko ya cika fom ɗin, a sa shi ya buɗe asusunsa na makaranta ya karanto abin da ake bin sa, a biya kafin Afrilu ya ƙare.